Yadda za ka saba da mayar da jimlolin yau da kullum zuwa Latin

Ɗaliban shari'a na Kongo da na likitanci a Shika, a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, kan haddace kalmomin Latin, harshen Rumawan dā, ba tare da sun taɓa ƙirƙirar jimla ɗaya ba. Alhali wanda ya zauna a zaure ya karanta nahawun Larabci ya riga ya ci rabin aikin, domin Latin ma da ƙarshen kalma take nuna fa'ili (mai aikin) da maf'uli (abin da aikin ya faɗa wa).

Ka ware minti 20 da jimloli 5 kacal a rana, gajeru, irin waɗanda ake faɗa a gida. Kafin ka buɗe ƙamus, ja layi a ƙarƙashin mai aikin, ka zagaye abin da aikin ya faɗa wa. Ɗauki “yarinya tana ɗauke da ruwa”. Yarinya puella ce, ruwa aqua, amma tunda shi aka ɗauka sai ya koma aquam: Puella aquam portat. Aikatau a ƙarshe ya fi zama. In ka manta da m ɗin nan, jimlar ta lalace.

Inda Bahaushe ya fi tuntuɓe shi ne “yana” da “tana”. Kada ka nemo musu kalma. “Yaro yana karanta littafi” Puer librum legit ne. Ƙara est (wato “ne” ko “ce”) a ciki kuskure ne. Haka ego (wato “ni”), ba dole ba ne, don bibo kaɗai na nufin “ina sha”. Siffa kuwa tana bin sunanta sau da ƙafa: aqua frigida (ruwan sanyi), amma aquam frigidam bibo. Sai “wa” ɗinmu na “ya ba wa yaro”, wanda a Latin shi ma ƙarshen kalma ne, puer ya koma puero: Magister puero librum dat, wato “malami yana ba wa yaro littafi”.

Tafiya da zama ba ɗaya ba ne. Mai hanyar kasuwar Sabon Gari zai ce ad forum eo (ina tafiya kasuwa), wanda ya isa kuma in foro sum (ina kasuwa). Gida bai son ad: domum eo.

Ƙamus na kawo suna da siga biyu, kamar mater, matris (uwa). Haddace duka biyun tare da jinsinsa, don ban da namiji da mace akwai na uku, irin su forum. Keke Napep da waya, bar su tukuna, Rumawa ba su san su ba.

Bayan kwana 2, rufe Hausar, ka mayar da Latin ɗinka zuwa Hausa, sannan ka gwada da ta asali. Duk jimlar da ta bambanta, sake duba ƙarshen kalmominta ɗaya bayan ɗaya.