Yadda na gyara fenti shuɗi mai haske da ya koma kore-kore a bango

Bangon ɗakin da can ruwan ɗorawa ne. Aka shafa shuɗi mai haske kai tsaye a kansa, da ya bushe sai ya fito kore-kore, dabbare-dabbare. Shuɗin bai iya rufe launin da ke ƙasa ba, balle kuma an tsinka shi da ruwa fiye da kima.

Na goge bangon da samfefa, na share ƙurar da jiƙaƙƙen tsumma, na cike tsage-tsage, na bari ya bushe sarai. Sannan na shafa farin fenti sau biyu a matsayin shimfiɗa. Nan ne asirin gyaran. Sau ɗaya bai isa ba, ɗorawar takan ci gaba da leƙowa ta ƙasa.

Shuɗin kuwa, na juye dukkan bokitan wuri guda na gauraya sosai, domin ko lambar launinsu ɗaya sukan ɗan bambanta. Ruwa kada ya wuce lita 2 a bokiti mai lita 20. A fara kusurwoyi da burushi, a bi da rola tun bai bushe ba, in ba haka ba layi zai fito. Shafa biyu, tazarar awa 4, tagogi a rufe idan hunturu ne saboda ƙura.

Kwan fitila ma da nasa laifin: mai jan haske yana dusasar da shuɗi da dare. Na sauya shi da farin LED, launin ya fito tas.