Ɗaukar Hoton Tsohon Injin Niƙa na Mabry a Cikin Dusar Ƙanƙara, da Yadda Ake Gyara Shi

A jihar Virginia ta Amurka, a gefen doguwar hanyar nan ta kan tsaunuka da ake kira Blue Ridge Parkway, akwai wani tsohon gidan niƙa na katako da ke daidai alamar mil ta 176, kusa da ƙauyen Meadows of Dan. Wani maƙeri mai suna Ed Mabry ne ya kafa shi a farkon ƙarni na 20, yana niƙa wa mutanen yankin masara, yana tsaga katako, yana kuma ƙira. Ba dizal ne ke juya shi ba irin injin unguwa da muka sani. Ruwa ne ake janyowa ta wani dogon kwararo na katako, ya zubo a kan babbar wili, ita kuma ta juya duwatsun niƙa. A gabansa akwai ɗan tafki da ke nuna surar ginin kamar madubi, abin da ya sa ya zama ɗaya daga cikin wuraren da aka fi ɗauka hoto a wannan hanya. Yawancin hotunan da ake gani na lokacin kaka ne, sa'ad da ganyaye ke ja, amma wanda ya ɗauke shi bayan dusar ƙanƙara ta sauka zai samu hoton da ya fi natsuwa, muddin ya san inda kyamara ke yin kuskure.

Kafin a tashi, a duba shafin hukumar da ke kula da gandayen ƙasa ta Amurka, domin sau da yawa ana rufe sassan wannan hanya tsakanin Disamba da Fabrairu idan ƙanƙara ta kama kwalta. A yi sammako, a isa kafin rana ta fito, domin a sami dusar tana kwance lumui ba a tattaka ta ba. Mai ɗaukar hoton da kansa ya kula da inda yake sa ƙafa: ya fara daga nesa, ya gama ɗaukar faɗin wurin, sannan ya matso, domin sawun da ya bari a gaban tafki ba zai goge ba sai wata dusar ta sake sauka.

Babbar matsalar tana cikin ma'aunin haske na kyamara. An gina shi ne a kan zaton cewa duk abin da ke gabansa, idan aka haɗa haske da duhu, zai tashi launin toka matsakaici. Saboda haka idan ya ga fili fari fat, sai ya ɗauka haske ya yi yawa, ya rage shi, dusar ta fito kamar tokar murhu, katakon ginin kuma, wanda da ma duhu ne, ya koma baƙi ƙirin. Wanda ya taɓa ɗaukar hoton mutane sanye da fararen manyan riguna a filin idi ya san wannan matsala, ko da bai taɓa ganin dusar ƙanƙara ba. Maganinta shi ne a ƙara haske da hannu, a juya maɓallin ƙari da ragi zuwa +1, ko ma +2 idan fari ya mamaye hoton. Bayan kowace ɗauka a duba jadawalin haske da kyamara ke nunawa, a tabbata tudunsa ya karkata zuwa dama, wato ɓangaren haske, ba tare da ya manne da bangon ƙarshe ba, domin abin da ya ƙone a wannan gefe babu manhajar da za ta dawo da shi. Allon bayan kyamara ba abin dogaro ba ne a nan, saboda ƙyallin dusa yana ruɗar ido.

A ajiye hoton a tsarin RAW, wanda ke riƙe duk bayanan da kyamara ta ɗauka, maimakon JPEG da ke matse su, a sa ISO, wato ƙarfin jin haske na kyamara, a kan 100, a buɗe ƙofar haske tsakanin f/8 da f/11 domin bakin tafki da rufin ginin su fito tas a tare. A kafa kyamara a kan madogara mai ƙafa uku, a danna ƙafafun sosai har su taɓa ƙasa mai tauri. Inda bambanci tsakanin farin rufi da duhun ƙarƙashin wili ya yi yawa, a ɗauki hoto uku ba tare da an motsa ba, ɗaya mai duhu, ɗaya matsakaici, ɗaya mai haske, a haɗa su daga baya. Idan ruwa na zuba, barin idon kyamara a buɗe na rabin daƙiƙa zuwa daƙiƙa ɗaya ya isa ya nuna motsinsa. Abin da ya wuce haka, a ganina, yana mayar da ruwa kamar kunu, ya kuma ɓatar da ƙanƙarar da ta daskare a gefen kwararo, wadda ita ce ke shaida wa mai kallo irin sanyin da ake ciki. Idan kuwa dusar na sauka a lokacin, buɗe idon kyamara na 1/250 na daƙiƙa zai tsayar da ƙwayoyinta a iska, 1/30 kuma zai ja su su zama zare-zare.

Game da tsara hoton, kowa yana tsayawa a ƙetaren tafki ya ɗauki ginin da inuwarsa a ruwa, kuma babu laifi a fara da wannan. Amma a rage tsayin madogara a ga yadda surar ke cika ruwan, a yi amfani da kwararon katako ko shingen itace ya ja ido zuwa wili, a kuma rage sararin sama idan fari ne babu gajimare mai siffa. Gilashin da ke kashe ƙyalli, wanda ake ɗaurawa a gaban idon kyamara, yana da amfani a kan jiƙaƙƙen katako, sai dai yana iya share surar da ke cikin tafki gaba ɗaya, don haka a juya shi a hankali ana kallo.

Sanyi yana cinye batir da wuri, saboda haka a ajiye na biyu a aljihun ciki kusa da jiki. In an gama, a cire katin hotuna, a sa kyamara cikin leda a ɗaure tun ana waje, a bar ta ta ɗumama a hankali a mota ko a ɗaki, don kada raɓa ta taru a cikin gilashi.

A wajen gyara, ko da Lightroom ko da wata manhaja, a fara da daidaita launin fari. Dusar da ke cikin inuwa tana ɗaukar shuɗin sama, kuma mutane da yawa suna goge wannan shuɗi kakaf har hoton ya yi kamar an zuba gari a ƙasa. A ɗumama launin kaɗan, wato a karkata shi zuwa rawaya, har inda rana ta taɓa ya zama fari na gaskiya, a bar inuwa da ɗan shuɗinta, domin shi ne ke sa a ji sanyin. Daga nan a ɗaga farin har ya kusa iyaka, a sassauta wuraren da suka fi haske don tudu da kwarin dusa su bayyana. Katakon kuwa a ware shi da burushin manhajar a gyara shi shi kaɗai: a ɗaga duhunsa kaɗan, a ƙara masa kaifi har jijiyoyin itace su fito, amma kada wannan kaifin ya taɓa dusar, don yana sa ta yi datti. A kula da layin da rufi ya haɗu da sama, inda wani farin zobe ke fitowa idan an matsa wa hoto. A goge ɗigon ƙurar da ke kan sama, a miƙe ginin idan ya karkata, sannan a gwada mayar da kwafi ɗaya zuwa baƙi da fari, a ajiye su gefe da gefe, a dawo washegari da hutaccen ido kafin a zaɓi wanda za a buga.