Yadda za ka zaga gidan tarihin Manila a wuni guda

Tun da na dawo Maradi daga ziyarar ɗan yayata da ke karatu a Manila, duk wanda ya zauna bencin ƙofar shagona sai ya ce, "Alhaji, me ake kallo a Filifin?" To, in Allah ya kai ka, ga yadda za ka yi.

Hau jirgin ƙasa na cikin gari ka sauka tashar United Nations, ka taka zuwa Rizal Park. Gidan tarihin ƙasarsu gini uku ne maƙwabtan juna, kuma tun 2016 ko dala ba a karɓa a ƙofa. Ka sa tsohon takalmi. Ni sabo na sa don burga, na gane kurena.

Fara da ginin al'adun mutane tun da safe, kafin ido ya gaji. Nemi wani ɗan fallen jan ƙarfe, bai kai allon almajiri ba, wanda aka tsinta a lardin Laguna. Rubutun da ke kansa na shekara ta 900 ne. Ka san me ya ƙunsa? Shaidar yafe bashi! Wani Namwaran ake bi zinariya, aka sauke masa, shi da zuri'arsa. Na daɗe a tsaye ina tuna littafin bashin da ke ƙarƙashin teburina, har yaron ya ja mini hannun riga.

Kada ka fita sai ka ga tulun Manunggul na zuba ƙasusuwan mamaci. A kan murfinsa akwai ɗan kwalekwale da mutum biyu, na baya na tuƙi, na gaba ya harɗe hannuwa a ƙirji. Ka leƙa kuma ɗakin Musulmin Mindanao, ga takubbansu ga sassaƙa.

A ginin zane-zane, Spoliarium na Juan Luna ne zai tare ka, zanen 1884 mai faɗin sama da mita 7, ana jan gawarwakin mayaƙan Rum a ƙasa. Ja da baya sosai, in ka matsa kusa duhu kawai za ka gani.

Gini na uku, na dabbobi da tsirrai, leƙawa ta isa: ƙasusuwan kada Lolong, mita 6 da ɗoriya, suna rataye a sama. Daga nan ka nufi unguwar Quiapo, ka yi Azahar a Masallacin Zinariya. Masu abincin halal na nan kewaye da shi.