Kafin Duba-gari Ya Ƙwanƙwasa Maka Ƙofa

Shekara uku ke nan, a tsakiyar watan Agusta, na dawo daga kasuwa na tarar da uwargida riƙe da takarda. Ta ce, "Malam, duba-gari sun zo, su biyu. Sun ce kwana bakwai suka ba ka." Laifin kuwa nawa ne, ba na kowa ba. Na sa magini ya yi mini dakali a ƙofar gida, shi kuma ya zuba kankare ya rufe lambatun ruf, bai bar ko kafar da hannu zai shiga ba. Leda da yashi suka taru a ƙarƙashi, ruwa ya rasa hanya ya koma zauren maƙwabcina. Sau biyu dattijon yana yi mini magana bayan sallar magariba, ina cewa, "In sha Allahu, Baba, za a duba." Da ya gaji sai ya tafi wurin mai unguwa.

Tun daga ranar na gane cewa a Kano, hukuma ta fi kallon abin da ke fita daga gidanka fiye da abin da ke cikinsa. Don haka in kana son zama lafiya, fara da zagaya gidan ta waje, kamar kai baƙo ne.

Lambatu shi ne kan gaba. Duk tsawon da ya bi ta jikin katangarka, kai za a tambaya, ko da kuwa sharar daga saman layi ta gangaro. A yashe shi a watan Mayu kafin ruwa ya sauka sosai, a sake a ƙarshen Yuli, domin Agusta ne watan da ruwa ya fi ƙarfi a nan. Kuskuren da kusan kowa ke yi shi ne a kwashe taɓon a tara shi a bakin lambatun, wai sai ya bushe. Ruwan farko da zai zo zai mayar da shi inda ya fito, ka yi aikin baban giwa. Ka shirya da mai baro tun kafin a fara, ana fitarwa yana kwashewa zuwa wurin da motar REMASAB, hukumar kwashe shara ta jiha, take ɗauka. In ya zama dole ka rufe lambatu don mota ta shiga, a yi murfin gunduwa-gunduwa, kowanne da marikin rodi, yadda mutum biyu za su iya ɗagawa.

Sai ruwan wanka da na wanke-wanke. Rariyar da ke zubarwa a tsakiyar lungu ita ce ta fi haɗa maƙwabta faɗa, kuma ita duba-gari ke fara hangowa, don koren gansakuka ba ya ɓuya. A haɗa ta da lambatu ta bututu, in babu lambatu a layin a haƙa sokawe a cikin gida. Ruwan masai kuwa haram ne ya shiga lambatu, ko da dare ne, ko ana ruwan sama. Na san akwai masu jiran hadari su buɗe, kuma a ganina wannan ba dabara ba ce, zalunci ne, domin ta nan amai da gudawa ke shiga unguwa. Masana lafiya suna son a bar tazarar mita 30 tsakanin masai da rijiya. A unguwannin awon igiya, inda fili bai taka kara ya karya ba, da wuya hakan ta samu. Abin da za ka iya shi ne ka tambayi maƙwabta inda tasu rijiyar take kafin ka haƙa rami, ka kuma ɗaure bakin taka rijiyar da siminti, ka sa murfi.

Asabar ɗin ƙarshen wata, ranar tsaftar muhalli, ba sai na faɗa wa Bakano ba: daga ƙarfe 7 zuwa 10 na safe ana hana zirga-zirga, kotun tafi-da-gidanka kuma tana zama ta yanke tara nan take. Abin ya samo asali ne tun 1985, zamanin yaƙi da rashin ɗa'a na Buhari da Idiagbon. Mutane da yawa sun mayar da awa ukun nan lokacin ramuwar barci. Ni dai nakan fito da tsintsiya da shebur tare da yara, ko ba komai mai unguwa ya ganni.

Inda mutane suka fi yin asara mai nauyi shi ne gini. Mun saba cewa "filina ne, na saya da kuɗina", amma Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen jiha a hannun gwamna, kai haƙƙin zama aka ba ka. A cikin birni, hukumar tsara birane ta KNUPDA ce ke ba da izinin gini, kuma izinin bai tsaya ga sabon gida kaɗai ba. Ɗora bene, fasa katanga a fitar da shago, mayar da gidan zama makaranta ko wurin sana'a, duk sai an nemi amincewa. Kafin ka sayi bulo ko guda ɗaya, ɗauki takardun fili da zanen gini ka je ofis ka tambaya. Kar ka dogara da maganar magini. Shi aikinsa yake nema, ranar da aka zo da jan fenti ba za ka gan shi ba.

Wurare uku ne ba a wasa da su: hanya, magudanar ruwa, da ƙarƙashin babbar wayar lantarki. Ko ƙananan layukan nan masu ƙarfin 11kV da 33kV, ƙa'ida ita ce a bar mita biyar da rabi ta kowane gefe. Cin hanya kuwa da kaɗan-kaɗan yake farawa. Yau rumfar kwano, gobe an zagaye ta da langa-langa, jibi an sa bulo. Kowa a layin ya ci taku biyu, sai a wayi gari motar kashe gobara ba ta iya shiga.

Mai kango ko filin da bai gina ba, shi ma bai tsira ba. In ciyawa ta rufe shi ya zama juji ko maɓoyar ɓata-gari, sunanka za a nema. Sassabe sau biyu a damina da ƴar katanga sun wadatar.

To, in takarda ta riga ta zo fa? Da farko kar ka ɗaga murya, kuma kar ka tura yaro ya ce ba ka nan. Nemi ganin katin shaidar ma'aikacin, ka duba sunan ofishin da ke kan takardar, da abin da aka ce ka gyara, da wa'adin da aka ba ka. Ɗauki hoton wurin da waya kafin a taɓa komai, ka sake ɗauka bayan an gama. In wa'adin ba zai isa ba, je ofishin da kanka kafin ya cika, ka rubuta neman ƙarin kwanaki, a buga maka hatimi a kwafinka. In jan fenti aka shafa a katanga, ma'anarsa a dakata da aiki a kawo takardu. Masu shafe shi da farar ƙasa su ci gaba da gini cikin dare su ne ke kuka daga baya. Kuɗi kuma, kowane iri ne, kar ya fita daga aljihunka sai da rasit mai sunan gwamnati. Na goro ba ya kashe magana, jinkirta ta kawai yake yi, wata mai zuwa wani zai dawo da ita sabuwa fil.

Ka sa mai unguwa a ciki tun da wuri. Yawancin ƙorafi daga maƙwabci yake tasowa, kuma abin da aka sasanta a zaure ba ya kaiwa kotu. In kana da ƴan haya, rubuta a yarjejeniya wa zai biya kuɗin shara, wa zai kira motar kwashe masai in ya cika. In ba haka ba kowa zai ce na wancan ne, takarda kuma da sunan mai gida take zuwa.

Nawa dai a kwana biyar aka gama. Aka fasa dakalin da guduma, aka fitar da baro goma sha ɗaya na taɓo da ledar ruwa, har da takalmin ɗan autana da muka yi wata biyu muna nema. Na je na ba Baba haƙuri, na biya kuɗin shafen zaurensa. Da ɗaya daga cikin duba-garin ta dawo, ta sa aka ɗaga murfi biyu ta leƙa, ta rubuta wani abu a littafinta, ta wuce gidan gaba.