Darasi Na 9: Yadda Ake Haɗa Doka A Gida Don Shigar Gargajiya

Iyayena da ƙannena 'yan aji, yau darasinmu na hannu ne, za mu yi karatu mu yi ƙirga kuma mu yi ɗinki. Kun san yanzu makarantu sun ɗauko ranar al'ada, ga kuma Ranar Hausa ta Duniya da ake yi duk 26 ga Agusta, sai ki ga an aiko yarinya gida an ce gobe ta zo da shigar matan da, uwa ta rasa yadda za ta yi, ƙarshe a ɗaura mata saƙi a ɗora mata ƙwarya shikenan, kan kuma an bar shi da kalaba ko shuku irin na yau. Toh ai shigar ba ta cika ba. Kitson da kakanninmu suka yi ado da shi doka ce, wato a tada gashi ya yi tudu a tsakar kai tun daga goshi har ƙeya kamar zankon zakara.

Ba tsawon gashi kaɗai ke tada doka ba, akwai abin da ake cusawa a ciki sannan a lulluɓe shi da gashi, kun ga acuci da 'yan mata ke sawa yanzu ƙarƙashin ɗankwali ba sabuwar dabara ba ce. Kuma matan da suna shafa wa gashi man shanu da shuni har ya riƙa sheƙi, Baturen nan Clapperton da ya shigo Kano a 1824 sai da ya rubuta cewa ya ga mata suna rina gashinsu shuɗi. Wancan abin da ake cusawa a ciki, mai kama da ƙaramin matashin kai, shi ne matashin da za mu haɗa.

Kayan aiki ba sai an je kanti ba: tsohuwar safa baƙa doguwa a wanke ta tas, auduga, zaren saƙa baƙi ƙulli 2 irin wanda ake hular jarirai da shi, shuɗi mai duhu ƙulli 1, allura babba, almakashi, mataji da tsinken kitso. In babu auduga a yayyanka tsumma ƙanana. Ban yarda da soson katifa ba, yana tara zufa yarinya ta yini tana susa.

Fara da awo. Ɗauki zare ki ɗora daga inda gashi ya fara a goshi zuwa ƙeya, ki yanke, sai ki rage faɗin yatsu 3 a kowane ɓangare, abin da ya saura shi ne tsawon dokarki. Rubuta shi a littafinki in kina da tef na tela, wannan ma karatu ne.

Yanzu cusa audugar cikin safa, kuma a nan ne aikin yake, don Allah kar a yi gaggawa. Kaɗan kaɗan ake sawa ana dannawa da babban yatsa, tsakiya ta fi tudu, gaba da baya su sirance, ƙasan kuma ki riƙa gwada shi a kan gwiwarki yana lanƙwasa don kai ba shimfiɗaɗɗe ba ne. Tsayin tsakiyar kar ya wuce faɗin yatsu 4 in yarinya ce ƙarama. In kin matsa da hannu kika ga ya lotsa bai taso ba to auduga ta yi kaɗan, in kuma ya yi tauri ya ƙi lanƙwasa ta yi yawa, ki rage. Idan ya yi daidai ki ɗinke bakin, sannan ki bi saman da ɗinki daga wannan gefe ki ɓullo wancan kina ɗan ja, shi zai fito miki da kaifin tudun, in ba haka ba zai zauna a kai kumbure babu fasali.

Sai gashin zare. Nemi babban littafi ko faranti ki nannaɗe zaren a jiki, baƙi zagaye 5 shuɗi zagaye 1, kina ƙirgawa da baki, har ki ga ya isa ya rufe matashin. Yanke ta gefe ɗaya, duk za su fito tsawo ɗaya. Wannan ɗan shuɗin da kika surka shi zai ba da kalar shuni ba tare da kin ɓata wa yarinya wuyan riga ba. Ki shimfiɗa zaren a gicciye kan matashin, rabi dama rabi hagu, ki ɗinke shi a kan tudun ɗaya kusa da ɗaya har safar ta ɓace, sannan ki sake kama shi da ɗinki a gindi. Jelar da ta sauko kar ki yanke, da ita za a kama kai. Mai haƙuri tana iya kitse zaren ƙanana ƙanana kafin ta jera, ya fi kyau nesa ba kusa ba amma fa yana cin yini.

Wata za ta tambaya maganar ƙarin gashi, tunda an san hadisi ya hana. Shi ya sa ba mu taɓa gashin mutum ko na kanti ba, zare ne da auduga, na taro ne a cire, wadda kuma zuciyarta ba ta kwanta ba ta tambayi malaminta kafin ta yi.

Ranar sawa a taje kai a tsaga shi gida 3, tsakiya da gefe biyu. A tsakiya ki yi kitso 2 kwance daga gaba zuwa baya, su ne abin zaman dokar, ki ɗora ta a kai ki ɗinke gindinta da kitson, allura tana bi ta cikin kitso ba ta kusa da fata ba, kuma ki dasashe bakinta a dutse tukuna. Gashin gefe a kitsa shi yana hawa sama, ana haɗawa da jelar zaren, a tusa ƙarshen ƙarƙashin dokar. In yarinyar mai gashi ce sosai ma sai ki tado nata ki rufe matashin da shi yadda ake yi a da.

Abin da nake roƙo, kar a ja gashin goshi. Na ga yaran da kitso mai tsauri ya cinye musu gaban kai, ƙuraje suka feso, duk don kwalliyar yini ɗaya. In kin gama ki ce ta girgiza kai ta sunkuya, in doka ba ta motsa ba kuma ta ce ba zafi to ta zaunu. Da an tashi taro a warware, a shanya ta ta sha iska a sa a leda, baɗi ƙanwarta ma ta sa.

Aikin gida: rubuta sunayen kayan aikin nan a littafinki. Idan kin yi zagaye 60 na baƙin zare, zagaye nawa na shuɗi za ki yi? Sannan ki je wurin wata tsohuwa a unguwarku ki tambaye ta yadda ake doka a garinsu da abin da suke cusawa ciki, ki rubuto mana layi 3, ki zo da safarki da audugarki ranar aji mai zuwa.