Yadda na gyara bugun kusa da rami a wasan golf

Wata biyu ina zubar da bugu uku ko huɗu a duk zagaye, kuma duk daga taku goma zuwa ashirin da rami. A nan Njamena, in rani ya kama, ƙasa ta bushe ƙarau kamar daɓe. Sandar wej, mai ɗaga ƙwallo sama, sai gindinta ya daki ƙasa ya yi tsalle, bakinta ya sari ƙwallo a ciki, ƙwallon ta wuce rami fit. Abin ya dame ni har barci nake yi da shi.

Wani dattijo da muke wasa tare ya miƙo mini sandar cifa, ta gajeren bugu, ya ce, "Ɗana, buga ta kamar fota, sandar jefa ƙwallo a rami, kada ka karya wuyan hannu." Karkatar fuskarta kusan digiri 35 ne, daidai da sandar ƙarfe mai lamba 7 ko 8, amma ta fi tsayuwa miƙe. Na tsaya kusa da ƙwallo, nauyina a ƙafar hagu, kafaɗu kawai ke motsi. Ƙwallon ta ɗan tashi, ta sauka, ta gangara. Kwana goma ina yi bayan la'asar, da tawul a shimfiɗe inda nake so ta sauka.

Doka ta yarda da sanduna 14 kacal, don haka na cire wej ɗaya na sa cifa, kuma cifa mai fuska biyu haramun ce a gasa. In akwai ramin yashi tsakanina da tuta, cifa ba ta tsallake shi, nan wej nake ɗauka.