Hanyar Zama Ma'aikaciyar Lafiyar Al'umma da Malamar Jinya a Damagaram

Duk shekara, da zarar sakamakon jarrabawar BEPC (ta ƙarshen kwaleji) da ta BAC (ta ƙarshen lise, wato babbar sakandare) ya fito, iyaye da yawa a Damagaram sukan fara cigiyar hanyar da ɗiyarsu za ta bi ta shiga aikin likita, kuma galibi abin da ke ransu shi ne farar riga da aiki a babban asibitin ƙasa na Zinder. Aiki ne mai daraja, sai dai akwai wani reshe na jinya da ba a cika kwatanta wa yara ba, wato tsare lafiyar jama'a tun kafin cuta ta kwantar da su, sannan, bayan an goge, a koma aji domin horar da na baya. Wannan bayani na mai son bin wannan hanya ne. Zan yi magana da ɗiya mace, amma duk abin da na faɗa ya hau kan namiji ma.

Ƙofofin shiga biyu ne. Mai BEPC tana iya yin karatun shekara 3 ta fito da shaidar ƙaramar ma'aikaciyar lafiya, wadda aka fi sani da ASB, mai BAC kuwa tana yin shekara 3 ta fito da lisans a fannin jinya. Idan har koyarwa tana cikin burinki, shawarata ita ce ki daure ki samu BAC tukuna, musamman a ɓangaren kimiyya, domin wadda ta shiga da BEPC tana iya hawa daga baya, amma sai ta yi shekaru tana aiki, ta ci jarrabawar ƙarin matsayi, ta sake komawa benci a lokacin da hidimar gida da ta 'ya'ya ta riga ta yi mata yawa. Tun kina lise ki riƙe Faransanci da kyau, tunda da shi ake karantarwa kuma da shi ake rubuta rahoto, kuma kada ki raina lissafi, domin da nauyin yaro ake auna masa magani, kuma rabin aikin lafiyar al'umma ƙidaya ce.

Zinder tana da makarantar gwamnati ta koyon aikin lafiya, ENSP, takwarar wadda ke Yamai mai ɗauke da sunan Damure Zika, ga kuma makarantu masu zaman kansu da suka yawaita. Kafin iyayenki su zuba kuɗi a makarantar kuɗi, ku je da ƙafarku ku tambayi takardar izininta daga hukuma, ku nemi a nuna muku ɗakin gwaji da kayan da ke cikinsa, ku ji asibitocin da take tura ɗalibanta istaj, wato koyon aiki a aikace, da yawan ɗalibanta da suka ci jarrabawar bai ɗaya ta ƙasa a shekarun baya. Wannan jarrabawa ce ke raba gardama a ƙarshe, domin ɗaliban gwamnati da na makarantun kuɗi duka ita suke zaunawa.

A cikin shekarun karatu, istaj ya fi komai muhimmanci, kuma istaj na ƙauye, wanda ɗalibai da yawa ke neman hanyar zamewa daga gare shi, shi ne wanda zai fi yi miki amfani. A can za ki koyi duba ma'aunin sanyin firjin rigakafi safe da yamma, ki rubuta abin da kika gani a takardar da ke manne a jikinsa, ki tabbatar bai fita daga digiri 2 zuwa 8 ba. A can za ki san cewa kwalbar BCG ko ta ƙyanda, da zarar an haɗa ta da ruwanta, bayan awa 6 zubarwa ake yi ko da saura a ciki, don haka dole a tsara ranar da za a tara yaran da suka isa. A can kuma za ki saba da zaren awon dantse: ki lanƙwasa hannun hagun yaro, ki nemo tsakiya tsakanin kafaɗa da gwiwar hannu, ki sake hannun ya miƙe, ki zagaya zaren ba tare da matsewa ba. Idan ya tsaya a ja, ƙasa da milimita 115, tamowa ce mai tsanani; idan a rawaya ne, tsakanin 115 da 125, matsakaiciya ce. Sannan ki danna bayan ƙafafunsa biyu da babban yatsa na daƙiƙa 3, domin yaron da ya kumbura yana iya ruɗin ido a ɗauka ƙiba ce.

Bayan an samu shaida, mafi yawan masu fitowa sukan fara da hidimar ƙasa ko aikin kwantaragi kafin gwamnati ta ɗauke su dindindin, kuma jiran yakan yi tsawo. Gara ki san da haka tun yanzu. Tsarin lafiya a Nijar hawa-hawa ne: ɗakin shan magani na ƙauye, sai cibiyar lafiya da ake kira CSI, sai asibitin gunduma, sai na jiha da na ƙasa. Gidan ma'aikaciyar lafiyar al'umma shi ne CSI. Idan aka tura ki wani ƙauye a ƙasar Mirya, ko Magarya, ko Tanut, ko Gure, kada ki ɗauke shi a matsayin horo, kuma kada ki fara neman wanda zai yi miki hanya ki dawo birni. A babban asibiti za ki iya shekara goma a sashe ɗaya kina bin umarnin dokta. A CSI kuwa, ke da majo, wato shugaban cibiyar, da 'yan abokan aiki kaɗan ne za ku duba marasa lafiya, ku yi awon ciki, ku karɓi haihuwa, ku riƙe ɗakin magani, ku yi odar abin da ya ƙare, ku kuma yanke shawarar wanda za a ɗora a mota zuwa asibitin gunduma cikin dare.

A nan ne nake so a tsaya da kyau, domin a nan aikin ya bambanta da jinyar gado. Mai jinya a asibiti tana kula da wanda aka kawo mata. Ke kuwa an ba ki yanki ne da ƙauyukansa da yawan mutanensa, kuma waɗanda ba su zo ba suna wuyanki kamar waɗanda suka zo. Rajista ce za ta nuna miki su. Allurar Penta, wadda ke kare yaro daga cututtuka biyar, sau uku ake yin ta, a mako na 6 da na 10 da na 14. A misali, idan yara 100 suka karɓi ta farko amma 70 kawai suka karɓi ta uku, to akwai yara 30 da suka ɓace a hanya, kuma kowannensu yana da suna da ƙauye a cikin littafinki. Aikinki shi ne ki fitar da sunayen, ki ba 'yan sa-kai na ƙauyukan, ki kuma binciko dalili. Wata uwar zazzaɓin da yaro ya yi bayan allurar farko ne ya tsorata ta, alhali ba wanda ya gaya mata cewa hakan yakan faru kuma yana wucewa. Wata ranar rigakafin ce ta yi karo da ranar kasuwa. Wata mijinta ya tafi cin rani, ba ta da mai ba ta izinin fita. Wata kuma, kuma wannan ya fi yi mini ciwo, tsawa aka daka mata a gaban mutane don ta manta katin rigakafin yaro a gida, ta yi rantsuwa ba za ta sake taka wurin ba. Kowane dalili da maganinsa daban, kuma ba za ki san shi kina zaune a ofis ba. Shi ya sa aka tsara cewa mutanen da ke cikin kilomita 5 su zo cibiya, waɗanda ke tsakanin 5 da 15 ke za ki hau babur ki same su da akwatin sanyi, na nesa da haka kuma ayarin gunduma ke kai musu.

Rahoton ƙarshen wata, wanda yanzu ake shigarwa a kwamfuta ta manhajar DHIS2, ki cika shi da gaskiya. Ƙara adadi domin a yabe ki a taron gunduma yana ɓoye yaran da ba a yi wa rigakafi ba, har ranar da ƙyanda za ta tona asiri.

Ki kuma san shekarar ƙasarmu kamar yadda manomi ya san ta. Da damina zazzaɓin cizon sauro ke cika cibiya, kuma a lokacin ne ake rabon maganin kariya ga yara 'yan wata 3 zuwa 59, wata-wata. Ranar farko a gabanki ake sha, kwana biyun da suka rage kuwa suna hannun uwa, don haka bayanin da kika yi mata shi ne rabin maganin. A daidai wannan lokaci rumbuna suke yin ƙasa, tamowa ta ƙaru, iyaye mata kuma suna gona. Daga hunturu zuwa bazara sanƙarau ne abin tsoro, kuma jihar Damagaram ta ga ɓarkewarsa daga ƙarshen 2022 zuwa farkon 2023, kamar yadda ta ga mashaƙo a yankin Matamai cikin 2023. Gundumominmu na kudu suna kan iyaka da Najeriya, mutane na kai da kawowa kullum, saboda haka yaro ɗaya mai zazzaɓi da sanƙarewar wuya, ko wanda ƙafarsa ta shanye farat ɗaya, a ranar za ki sanar da gunduma.

Duk wannan ba ya yiwuwa sai da mutanen gari. Makon farko da kika sauka, ki je ki gai da maigari da liman, ki durƙusa ki ce ranka ya daɗe, ki gabatar da kanki. Ki nemi tsofaffin ungozomomi ki kira su Inna, ki saurare su kafin ki gyara musu, domin mace mai naƙuda maganarsu take fara ji, kuma idan suka yarda da ke, su ne za su riƙa rako miki masu ciki. Wanzami ma kada ki mai da shi abokin gaba. Zama da shi ya fi amfani wajen rage cire beli da kaifin da ba a tsabtace ba. Kwamitin kula da cibiya, COGES, ki riƙa nuna masa lissafin kuɗi a fili. Maza kuwa kada a bar su a baya: a jiharmu ce aka fara shirin makarantar mazaje tare da hukumar UNFPA, bayan an lura cewa mai gida ne ke yanke hukuncin zuwa awo da haihuwa a likita, kuma daga nan shirin ya bazu zuwa wasu jihohi da ƙasashe. Dattawanmu suna tuna kurkunu da yadda yake kwantar da majiya ƙarfi a tsakiyar damina. Ba shi da allura, ba shi da ƙwaya. Tace ruwan sha, gyaran rijiyoyi da bi gida-gida ana bayani ne suka kawar da shi, har hukumar lafiya ta duniya ta tabbatar a 2013 cewa Nijar ta rabu da shi.

Maganar koyarwa tana zuwa ne bayan waɗannan shekaru, kuma ina ganin kuskure ne a ɗauki wadda ta fito jiya a ba ta aji don kawai makinta ya yi kyau. Matakin farko yana nan cikin cibiyarki: ɗaliban da aka turo miki istaj, ki ɗauke su da muhimmanci, kada su zama masu cika takardu da aike kawai. Idan kika ga kina jin daɗin nuna musu, kuma suna fahimta, to ki nemi ƙarin karatu. Cibiyar ISP da ke Yamai tana horar da manyan ma'aikatan lafiya, jami'o'i ma suna da fannin kimiyyar lafiya, har da jami'ar André Salifou da ke nan Zinder, kuma tunda makarantu sun koma tsarin lisans da masta da dakta, mai koyar da 'yan lisans ana so ta wuce su da mataki. Ki nemi darasin dabarun koyarwa musamman, domin iya aiki daban, iya koyar da shi daban. Tun kina ƙauye kuma ki riƙe wani littafi da za ki riƙa rubuta matsalolin da kika gamu da su da yadda aka warware su, ba tare da sunan kowa ba. Daga cikinsa darussanki za su fito.

A aji, ki rage shifta. Ɗalibar da ta haddace alamomin rashin ruwa a jiki ba lallai ta gane su a jikin yaro ba, sai an kama hannunta an nuna mata yadda ake tsunkular fatar ciki a ga ko tana jinkirin komawa. Ki nuna, ki sa su yi ɗaya bayan ɗaya a gabanki, sannan ki bi su wurin istaj ki ga abin da suke yi idan ba kya kusa. Tunda da Faransanci ake karatu amma ba da shi ake magana da uwar yaro ba, ki ware lokaci da kowace ɗaliba za ta tashi ta bayyana yadda ake haɗa ruwan gishiri da sukari, ko amfanin ba da nono zalla har wata 6, da Hausa, ko Barbarci, ko Fillanci, ko Buzanci, wata kuma ta zama uwa mai gardama. Ki kawo musu tsohuwar rajista da aka rufe sunayenta su lissafa yaran da suka ɓace da kansu. Lokacin jarrabawa kuma za a zo miki da roƙo, wani lokaci daga mutanen da kike jin nauyinsu. Ki ba su haƙuri cikin ladabi, ki ƙara wa ɗalibar lokacin gwaji idan da hali, amma kada ki sa hannu a kan cewa ta iya abin da ba ta iya ba, domin gobe ita kaɗai za a bari da mai naƙuda a ƙauyen da ba dokta.

Ƙa'idojin aiki suna canzawa, kuma malama ce ta fi kowa saurin zama a baya idan ta daina shiga asibiti. A da kinin ne maganin zazzaɓi mai tsanani, yanzu allurar artesunate ce a gaba. A 2016 hukumar lafiya ta duniya ta ɗaga yawan zuwa awon ciki daga 4 zuwa 8, kuma a 2024 Nijar ta fara allurar rigakafin zazzaɓin cizon sauro. Saboda haka, ko bayan kin samu aji, ki nemi izinin makaranta ki riƙa yin yini ɗaya a mako a wata CSI ta cikin gari, kuma duk lokacin hutu ki je hukumar lafiya ta jiha ki karɓi sababbin takardun ƙa'ida, ki gyara darussanki da su kafin ɗalibai su dawo.